Sabuwar laftof da garantinta: ka buɗe da kanka, ka kai wa mai shago, ko ka jira shekara ta cika?

Wata biyu da saya wa ɗan yayata laftof sabuwa fil cikin kwalinta, sai ga kiransa bayan sallar isha'i. Zanen gine-gine yake karanta, kuma manhajojin fannin nasu ba sa ƙoshi da ƙaramar na'ura.

"Kawu, abin nan fa ta fara jan ƙafa. In na buɗe zane biyu sai ta tsaya cak, ma'ajiyar kuma har ta yi ja. Akwai wani injiniya a bakin makaranta, ya ce in kawo ya ƙara mata RAM, minti goma ya gama. Amma na ga wata 'yar sitika a kan sukuru ɗaya na murfin ƙasa, ita nake tsoro."

Na ce kada ya bar kowa ya sa mata sukurudireba sai ya shigo gida ƙarshen mako. Tsoron nasa yana kan hanya, sai dai bai san takamaimai abin da ya kamata ya ji wa tsoro ba, kuma na lura yawancin masu sayen sabuwar kwamfuta haka suke. Wasu sun ɗauka da an kwance sukuru ɗaya garanti ya tashi, sai su shafe shekara suna fama da na'urar da ke ja musu rai. Wasu kuma ba ruwansu, duk wanda ya ce shi injiniya ne sai su miƙa masa, sai ranar da sikirin ya mutu su ji maganar da ba sa so.

Laftof mai RAM 8GB (ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ke buɗe) da SSD 256GB (ma'ajiyar fayiloli) ita ta fi yawa a kantuna, domin nan kuɗin yawancinmu ke tsayawa. A rubuce, Windows 11 RAM 4GB da ma'ajiya 64GB kawai yake nema, amma wanda ya buɗe shafuka 15 a Chrome, ga Zoom, ga Excel, ya san 8GB ma da ƙyar take numfashi. Saboda haka son ƙari ba kwaɗayi ba ne. Abin dubawa shi ne hannun wa zai yi aikin, da yaushe.

Garantin wa kake riƙe da shi?

Nan ya kamata a fara, kuma nan aka fi tsallakewa. A kasuwanninmu kalmar garanti abu biyu take nufi. Akwai na kamfanin da ya ƙera na'urar, galibi shekara 1, wasu samfuran ma'aikatu shekara 3, kuma yana rataye ne da lambar siriyal da ke bayan laftof ɗin. Akwai kuma na mai shago: "na ba ka wata ɗaya", "na ba ka wata uku, in ta ba da matsala ka dawo". Wannan na biyun alkawari ne tsakaninka da mutum guda, kuma shi ke gindaya sharuɗɗansa. In ya manna sitikarsa a kan sukuru ya ce kada a yaga, to maganar ke nan, kuma yana da hujja, domin da ita yake gane ba a buɗe an sauya masa kaya an dawo da rigima ba.

Sanin wanda kake da shi bai fi aikin minti biyar ba. Dell yana da lamba mai haruffa da alƙaluma 7 da yake kira Service Tag, HP da Lenovo suna amfani da lambar siriyal. Ka shiga shafin tallafi na kamfanin ka rubuta ta, zai nuna maka ranar da garanti ya fara, ranar da zai ƙare, sau da yawa har da ƙasar da aka yi na'urar dominta. Abu biyu kan ba mutane mamaki a nan. Na farko, ka ga wata huɗu ko biyar sun riga sun tafi tun kafin ka saya, saboda an fara ƙirga tun lokacin da kayan suka bar hannun kamfani. HP da Lenovo suna karɓar rasit su gyara ranar, in rasit ɗin na kirki ne, mai sunan shago da kwanan wata da lambar na'urar. Na biyu, ka tarar an sayar da ita ne a Amurka ko Dubai, aka shigo da ita ta hannun 'yan kasuwa. Kaya da yawa a Computer Village ta Ikeja, da Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano ta wannan hanyar suke zuwa, kuma ba laifi ba ne, amma garantin wata ƙasa ba kullum yake aiki a nan ba. Dell yana da fom na mayar da mallaka da garanti daga ƙasa zuwa ƙasa, Lenovo yana da tsarin garantin ƙasa da ƙasa ga wasu samfura. In taka ba ta shiga ciki ba, to garantin da kake ta lallaɓawa na mai shago ne kaɗai, kuma da shi za ka yi magana.

Shi kuwa garantin kamfani, alkawari ne a kan aibin da na'ura ta taho da shi daga masana'anta. Faɗuwa, zubar shayi a kibod, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona wani abu, duk ba sa ciki sai ka sayi kariya ta musamman. Game da buɗewa, manyan kamfanoni kusan bakinsu ɗaya: ɓarnar da aikinka ya jawo kai ke da ita, kayan da ka saka da ba nasu ba ba ruwansu da shi, sauran na'urar kuma tana nan cikin alkawari. Amma kowanne da yadda ya ja layinsa, kuma layin yana cikin littafin gyara na samfurinka, wanda ake saukewa kyauta a shafinsu.

Lenovo ya raba sassan na'ura gida biyu: waɗanda mai ita zai iya sauyawa, yana kiransu CRU, da waɗanda sai ma'aikacin da ya amince da shi, su ne FRU. A ThinkPad da dama RAM da SSD suna cikin rukunin farko. HP ma littafinsa babi biyu ne, na sassan da mai saye zai taɓa, da na waɗanda sai wakilinsu, kuma a farkon babi na biyu akwai gargaɗi ƙarara cewa shiga nan zai iya ɓata na'ura ko ya soke garanti. Abin lura, a ƙananan laftof ɗin HP na gida da yawa, RAM da SSD a babi na biyun suke. Dell yana wallafa littafin gyara da hotuna mataki-mataki, tare da sharaɗin cewa ɓarnar aikin da bai ba da izininsa ba ba ta cikin garanti. Kada ka dogara da abin da abokinka ya yi wa tasa. Samfura biyu na kamfani ɗaya na iya bambanta.

Sai maganar sitikar masana'anta, irin wadda ake gani a kan sukurun wasu laftof ɗin MSI da ASUS. Za ka karanta a intanet cewa waɗannan sitikun ba su da ƙarfin doka. Gaskiya ne, amma a Amurka. Can akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani ɗaure garantinsa da sharaɗin sai an yi amfani da kayansa ko masu gyaransa, in ba kyauta yake bayarwa ba. A watan Afrilun 2018 hukumar FTC, mai kare masu saye a can, ta aika wa kamfanoni 6 takardar gargaɗi kan irin wannan, cikinsu har da ASUS, Microsoft, Sony da Nintendo, a Yulin 2024 kuma ta sake aika wa wasu, har da Gigabyte, ASRock da Zotac. Tarayyar Turai tata hanyar daban, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin shekara 2. Wannan duk dokar can ce, ba ta biyo kwalin zuwa Kano ko Maraɗi ba. A Najeriya abin da mai saye ke da shi shi ne dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, kuma ta ba da damar mayar da kaya mai aibi ga wanda ya sayar cikin wata 3. Dama ce mai kyau, kuma ta ƙara min dalilin cewa a watannin farko kada ka ba kowa hujjar ce maka ai kai ka buɗe.

Tana ma karɓar ƙarin?

Kafin a yi gardamar wa zai buɗe, a tabbata akwai abin yi a ciki. Siraran laftof na zamani da yawa an like RAM ɗinsu da dalma a jikin babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira bod. Duk inda ka ga an rubuta LPDDR4x ko LPDDR5, kusan kullum abin da ake nufi ke nan. MacBook Air, Dell XPS 13 da ThinkPad X1 Carbon duk haka suke. HP EliteBook 840 da ProBook 450 kuwa galibi gurbi biyu gare su. Akwai na tsakiya, 8GB a like da gurbi ɗaya a sake, irin yadda ake samu a wasu IdeaPad da Vivobook. Ka buɗe Task Manager a Windows, ka shiga Performance, ka danna Memory, zai nuna maka gurbi nawa ake amfani da su. Yakan yi kuskure wani lokaci, don haka ka gwada da takardar bayanin samfurin. Lenovo yana da shafin PSREF da ke faɗin komai, har iyakar RAM da na'urar za ta ɗauka.

RAM ɗin laftof na cirewa shi ake kira SO-DIMM. DDR4 yana da ƙafa 260, DDR5 yana da 262, kuma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. SSD na zamani kuma M.2 ne, lambarsa ita ce girmansa: 2280 faɗi milimita 22, tsawo 80. Akwai gajeru, 2242 da 2230, kuma wata na'urar gajeren kawai take ɗauka.

To ga hanyoyin, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Wanda bai riga ya saya ba, kuma idonsa na kan na'ura mai RAM a like, a yanzu ne zai yanke shawara, domin ba a ƙara mata daga baya. Tun ran gini tun ran zane. Ko ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai 16GB tun a shago, ko ya koma wani samfurin mai gurbi. A Mac abin ya fi tsanani, domin tun zuwan furosesar Apple mai suna M1 a 2020 RAM ɗin yana haɗe da furosesa, ma'ajiyar MacBook ma a like take. Daga Oktoban 2024 Apple ya mayar da mafi ƙarancin MacBook Air 16GB, amma masu 8GB na da suna nan cike da kantuna, kuma wanda ya sayi ɗaya haka zai zauna da ita har ta tsufa. Amfanin sayen babba tun farko shi ne komai yana ƙarƙashin garanti guda, ba wanda zai tura ka wani wuri. Illarsa kuɗi, domin kamfanoni sukan tsawwala farashin ƙarin fiye da yadda za ka sayi sandar RAM ɗin a waje. In na'urar mai gurbi ce, ni ban ga dalilin biyan wannan tsadar ba.

Buɗewa da hannunka ita ta fi araha, kuma ita na fi so ga wanda littafin samfurinsa ya yarje masa, babu sitikar mai shago, hannunsa kuma ba ya rawa. Sai dai yawancin ɓarnar ba a wajen saka RAM take faruwa ba, wajen cire murfi da mayar da shi ne. Sukurorin ƙasa ba tsawonsu ɗaya ba a wasu na'urori, in ka sa dogo a ramin gajere zai iya huda roba ya ɓullo ta sama, ko ya taɓa abin da ke ƙarƙashinsa. Ka zana hoton murfin a takarda, kowane sukuru ka ajiye shi a inda ya fito. Wasu kuma ba sa fita gaba ɗaya, an yi su ne su tsaya a jikin murfin, kada ka ja su da ƙarfi. Bayan sukurori akwai 'yan haƙoran roba da ke riƙe da gefe. Tsohon katin ATM ya fi wuƙa ko bakin sukurudireba, domin ƙarfe yana barin tabo, kuma tabon nan shi ma'aikacin kamfani zai fara gani. Da ka buɗe, kafin komai, ka zare igiyar batir daga bod, ka riƙe ta kan robar ba ta wayoyin ba. ThinkPad ma yana da wuri a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, da ake kashe batirin ciki kafin a buɗe. Sukuru ɗaya ya suɓuce ya faɗa kan bod mai wuta ya isa ya kashe na'ura, kuma wannan ba garantin da zai ɗauka.

Ga wani abu da mu ya fi shafa. Lokacin hunturu iska a bushe take ƙayau, kowa ya san tartsatsin da bargo ke yi da daddare, ko ɗan jan da ƙofar mota ke yi wa yatsa. Wannan ɗan tartsatsin yana lalata RAM da bod, wani lokaci ma ba nan take ba, sai bayan makonni na'ura ta fara ɗaukewa. Kada ka yi aikin a kan katifa ko darduma, kada ka yi shi da rigar sanyi ta leda a jikinka. Tebur na katako, ka taɓa ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin ka fara, ka riƙe sandar ta gefe-gefe.

Ana shigar da sandar RAM a karkace, a danna ƙasa har maƙallan biyu su ce ƙas. In DDR5 ce, kunnawar farko sikirin na iya zama baƙi na minti ɗaya ko fiye, na'urar tana daidaita kanta ne, kada ka firgita ka kashe. Daga nan ka bar manhajar gwada RAM, MemTest86, ta yi ta gwaji dare guda.

Wajen SSD akwai dabarar da na fi ba kowa shawara. In akwai gurbin M.2 na biyu, ka ƙara sabo ka bar na asali, magana ta ƙare. In gurbi ɗaya ne, ka cire na asalin yadda yake da Windows ɗinsa ka adana, ka zuba sabon Windows a sabon. Lasisin ba zai ɓata ba, tun zamanin Windows 8 kamfanoni ke saka shi a cikin bod, da ka hau intanet zai gane kansa. Ranar da kibod ko sikirin ya ba da matsala, sai ka mayar da na asali ka kai musu na'urar yadda suka sayar da ita. Riba biyu ke nan: ba wanda zai ɗora laifi a kan kayan da ka saka, kuma hotunanka da takardunka suna gida, domin wuraren gyara sukan goge ma'ajiya ko su sauya ta ba tare da dawo maka da tsohuwar ba. Haka ma tsohuwar sandar RAM in ka cire ta. Kada ka sayar da ita sai garanti ya ƙare, komai ƙanƙantar kuɗin da za a ba ka bai kai amfaninta ba. Kuma kafin ka taɓa SSD ko saitin BIOS, ka nemo mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle ma'ajiya da shi, alƙaluma 48 ne, yawanci yana cikin asusunka na Microsoft. Sababbin laftof da yawa suna zuwa da ma'ajiya a kulle ba tare da mai ita ya sani ba, kuma in ta nemi mabuɗin ba ka da shi, ba injiniyan da zai fito maka da fayilolinka.

Hanya ta uku ita ce ka bar mai garantin ya buɗe da kansa. In na kamfani ne, wakilinsu da suka amince da shi, za ka samu jerinsu a shafin kamfanin, kada ka tsaya ga allon da aka rataye a ƙofar shago. Wannan ita ce hanyar wanda littafinsa ya sa RAM a babin wakilai, da wanda na'urar ta ofis ce ba tasa ba. Za ka biya ladan aiki, wataƙila su ce sai kayansu, kuma irin waɗannan wuraren sun fi yawa a Legas da Abuja, wanda ke nesa sai ya haɗa da kuɗin mota ko na aike da kwanakin jira. In kuwa garantin na mai shago ne, abin ya fi sauƙi ƙwarai, ka koma wurinsa. Ya buɗe a gabanka, ya saka, ya manna sabuwar sitika, ya rubuta a bayan rasit abin da aka ƙara da ranar, ya sa hannu. Mafi kyau ma a yi wannan ranar ciniki, kafin kuɗi su bar hannunka.

Injiniyan kasuwa ko na bakin makaranta fa? Ba na raina su, a cikinsu akwai waɗanda ke gyara bod ɗin da wakilin kamfani zai ce sai dai a sauya. In garanti ya ƙare, su ne abokan tafiya. Amma ga sabuwar na'ura, a idon kamfani aikinsa da naka ɗaya ne, duk ba izini, a idon mai shago kuma ya fi naka muni. Wato ga haɗari ka ɗauka, ga kuma kuɗi ka biya. In dole sai shi, saboda ba ka yarda da hannunka ba, to ka sayi kayan da kanka, ka tsaya a kansa har ya gama, ka karɓi abin da ya cire. Kada ka yarda da "bar ta ka dawo gobe". Kuma ka gwada abin da aka saka maka, domin SSD na jabu da tsoho mai sabuwar takarda suna yawo. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa SSD ya yi yana aiki, sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwa ba.

Akwai kuma hanyar da ba a kwance ko sukuru ɗaya, amma rabin matsalar take magancewa. In wuri ne ya yi maka kaɗan, SSD na waje ya wadatar. A kan USB mai 10Gbps yana kai wajen 1,000MB a daƙiƙa, wato ya fi tsohon nau'in SSD, SATA, da ke tsayawa kusan 550MB, ko da yake bai kamo sabon nau'in na ciki, NVMe, ba, mai kai 3,500MB ko 7,000MB gwargwadon zamaninsa. Don ajiye bidiyo, hotuna da tsofaffin ayyuka, ba za ka ji bambanci ba. RAM kuwa ba a ƙara shi ta waje, duk wanda ya ce maka fulash zai zama RAM, ka riƙe kuɗinka.

Jiran shekara ta cika, a ganina, asara ce in aikin na'urar ne abincinka ko karatunka. Abin da nake goyon baya shi ne ɗan jinkiri na makonnin farko. Aibin masana'anta yakan nuna kansa da wuri: ɗigon da ya mutu a sikirin, fanka mai ƙara, batir mai zuba, maɓallin da ba ya dannuwa. Ka wahalar da ita sosai a wannan lokacin tana yadda ta zo, in da matsala ka mayar ba tare da wata muhawara ba.

Sauya manhaja ba shi da wannan nauyin. Zuba Linux a madadin Windows ba ya taɓa alkawarin da ke kan ƙarfen na'ura a wurin manyan kamfanoni, Dell ma a 2012 ya fara sayar da XPS 13 da Ubuntu, Lenovo kuma ya fara sayar da ThinkPad da Fedora a 2020, dukansu nau'o'in Linux ne. Abin da kan faru shi ne ma'aikacin tallafi ya ce sai an gwada da Windows kafin ya yarda matsalar ta ƙarfe ce, ka ga amfanin SSD na asali da aka adana ya sake fitowa. Mai son gwaji ya fara kunna Linux daga fulash, ya ga ko Wi-Fi, sauti da kyamara suna aiki, kafin ya goge komai. Sabunta BIOS daga shafin kamfani ba laifi, amma batir a cike, caja a jone, ba lokacin da ake tsammanin ɗauke wuta ba. BIOS da wani ya yi wa kwaskwarima aka ɗora a intanet kuwa, a nisance shi. Haka kalmar sirrin BIOS, in ka sa ka rubuta ta a wani wuri, domin a ThinkPad in aka manta babbar kalmar sirrin sai an sauya bod, kuma da kuɗinka.

Sauran abubuwan da matasa ke sha'awa, cire mashanyar zafi don sauya man da ke kan furosesa, sauya sikirin, huda murfi don iska ta shiga, duk a bar kaza cikin gashinta har garanti ya ƙare. Bambancinsu da RAM da SSD shi ne ba sa komawa yadda suke ba tare da alama ba. Wasu laftof ɗin wasanni, kamar ASUS ROG, ruwan ƙarfe ne ma a kan furosesarsu maimakon man da aka saba, ɗigo ɗaya ya zuba a bod an yi asara. In sabuwar na'ura tana zafin da ya wuce kima, wannan kansa aibi ne, kamfani za a kai wa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Da yaron ya zo ranar Asabar, muka rubuta lambar a shafin kamfanin. Garantin yana nan, yana kuma aiki a ƙasar nan, sai dai an fara ƙirga shi wata uku kafin mu saya. Sitikar da ta tsorata shi ta mai shago ce, da tambarinsa a jiki. Littafin samfurin ya nuna 8GB a like da gurbi ɗaya na DDR4 a sake. Da sukurudireba a gida, kuma na iya aikin, amma alkawarin wata uku na mai shagon bai ƙare ba, sai muka ɗauki kwali da rasit muka tafi.

"Alhaji, gara da kuka zo nan," in ji shi. "Da an yaga min ita a waje, wallahi ba abin da zan iya yi muku."

Yaron shagonsa ya buɗe a gabanmu, ya zare batir, ya saka sandar 8GB, ya mayar da murfi. Task Manager ya nuna 16GB. Aka manna sabuwar sitika, Alhajin ya juya rasit ya rubuta abin da aka ƙara da kwanan wata, ya sa hannu. SSD ɗin gurbi ɗaya ne da shi, don haka muka bar shi, muka sayi na waje mai 1TB ya kwashe tsofaffin zanensa. Sauya na cikin sai hutun ƙarshen zango, lokacin da ba shi da aikin da zai miƙa. A mota na sa shi ya buɗe asusunsa na Microsoft a waya, ya kwafe alƙaluma 48 ɗin nan a bayan littafinsa, na ɗauki hoton rasit ɗin gaba da baya na tura wa mahaifiyarsa.